Daga Bakin Igwa Zuwa Muƙamin Admiral: Me Tarihin Thomas Lyne Ya Nuna?

Malamin Tarihi, Yauri:

Assalamu alaikum. Tun da aka buɗe maganar ɗaukar sababbin sojojin ruwa a wannan zaure ake ta maimaita cewa yaron da ya shiga a ƙaramin soja zai iya kaiwa ko'ina muddin ya dage. Saboda haka na ga ya kamata in kawo tarihin mutumin da Turawan Ingila suke yawan kafa hujja da shi a kan wannan batu, mu auna mu gani ko tarihin nasa ya ƙarfafa maganar ko kuwa ya raunana ta. Sunansa Thomas Lyne. An haife shi a 1870, ya shiga rundunar ruwa ta Birtaniya a 1885 yana yaro, aka fara horar da shi a jirgin Impregnable da ke Devonport, inda ake tara 'ya'yan talakawa ana koya musu aikin igiya da tuƙi da biyayya. Sai da ya shekara 13 yana hawa matakan ƙananan sojoji kafin a 1898 ya zama maharbin igwa mai takardar waranti, wato muƙamin da ke tsakanin ƙaramin soja da hafsa, wanda a wancan zamani shi ne kusan iyakar abin da ɗan talaka ke sa rai da shi a jirgin yaƙi.

A lokacin yaƙin da Ingila ta gwabza da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, an damƙa masa wani ƙaramin jirgi mai harba tofido, mai lamba 60, yana sintiri da kai saƙonni a gaɓar teku. Ana cikin haka ƙarfen da ke juya farfela ya karye, inji ya tashi daga aiki, kuma a lokacin ƙaramin jirgi irin wannan ba shi da rediyon da zai nemi agaji. Lyne ya harhaɗa yadin da ke cikin jirgin ya ɗaura, iska ta riƙa tura su har suka kai gaci. A kan haka aka ba shi muƙamin hafsa na laftanar a 1902. Daga nan ya jagoranci jiragen yaƙi na kogi a kogin Yanzi na ƙasar Sin, ya zama kwamanda a 1912, kyaftin a 1918, har daga baya aka ba shi shugabancin makarantar Impregnable ɗin da ya shiga yana yaro. Ya yi ritaya a 1925, aka ba shi riya admiral a 1931 yana zaune a gida, ya rasu a 1955.

Ra'ayina shi ne, da ƙarfen nan bai karye ba, da wuya a ce Lyne ya wuce inda dubban takwarorinsa suka tsaya. Rundunar da sai haɗari ya auku take gane gwaninta ba ta cancanci yabo a kan mutum ɗaya da ta ɗaga ba.

Tsohon Sojan Ruwa, Zuru:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara basira. Kafin gardama ta yi nisa ina so matasan zauren nan su san wane ne maharbin igwa, domin da yawa suna ɗauka aikinsa jan kunama ne kawai. A tsohon tsarin Ingila, wanda daga gare shi muka gaji namu, akwai mutum uku da ake ɗauka 'yan gida ne a jirgi: maharbin igwa, da shugaban masu aikin igiya da anga, da kafinta. Kyaftin yakan zo ya tafi, amma su suna nan tare da jirgin ko da an ɗaure shi a tasha babu aiki. Igwa da albarushi da harsasai da bindigogin hannu duk a wuyan maharbi suke, kuma sai ya ba da lissafin kowanne a rubuce. Idan yaƙi ya ɓarke ma ba a bakin igwa ake ganinsa ba, yana can ƙasa a ɗakin albarushi sanye da takalmin da babu ƙusa a jikinsa, fitilar da ke haska masa kuma tana bayan gilashi a wani ɗaki dabam, saboda tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi jirgi da duk wanda ke cikinsa.

Kayan aiki sun sauya, nauyin bai sauya ba. A zamanina kowace safiya sai an shiga ma'ajiyar harsasai an duba zafin ɗakin an rubuta a littafi, mabuɗi kuma ba ya fita sai da sa hannu. Iskar teku gishiri ce, igwar da aka yi sati ba a goge ta an sa mata mai ba za ka tarar tsatsa ta fara cin ta. Na taɓa tsayawa a wani atisaye inda aka ba da umarnin harbi harsashi ya ƙi tashi. Wani matashin hafsa ya matso yana so a buɗe bayan igwa a duba, sai tsohon maharbinmu ya ɗora hannu a kan ƙarfen ya ce, yallaɓai, a bar bakinta yana kallon ruwa har lokacin da doka ta yanka ya cika, domin wani harsashin yana ci a hankali ne. Hafsan ya ja da baya, muka tsaya kowa idonsa a kan agogo. Yaron nan mai hankali ne, shi ya sa ya ji magana, kuma daga baya ya yi nisa a aikin. Irin wannan sani ne Lyne ya tara a shekara 13 ɗin da Malam ya ambata.

Ɗalibin Shari'a, Birnin Kebbi:

Da girmamawa, Malam, ina ganin an tauye wa mutumin haƙƙinsa. Tambayar da ba a yi ba ita ce, ta yaya aka yi jirgin ya kasance a hannunsa tun kafin ya lalace? Ba a ba wa kowane maharbi jirgi a lokacin yaƙi, sai wanda manyansa suka yarda da hankalinsa. Sannan tun 1830 Ingila ta kafa makarantar koyon harbin igwa ta Excellent a Portsmouth, kuma babu mai samun takardar waranti sai ya ci jarrabawa, har da ta lissafi. Ke nan akwai tsari, kuma tsarin ne ya kai shi wurin da za a gan shi. Jirage nawa suka lalace a teku aka rasa su saboda na cikinsu sun ruɗe? Ba zan kira abin da ya yi sa'a ba.

Malamin Tarihi, Yauri:

Ban musanta gwanintarsa ba, ƙanena, gwanintar ce ma ta sa nake ƙorafi. Tsarin da kake magana yana kai mutum ga waranti ne ya tsaya, ba a gina shi don ya tsallakar da kowa zuwa hafsanci ba. Bari in ajiye maka wani a gefensa. David Beatty an haife shi a 1871, wato Lyne ya girme shi da kaɗan. Ya shiga a 1884 a matsayin ɗalibin hafsa, ta ƙofar da iyaye ke biyan kuɗin makaranta. Shi ma ya nuna jarumta, a jiragen kogin Nilu lokacin yaƙin Sudan da kuma a ƙasar Sin a 1900, amma duba inda jarumtar ta kai kowannensu. Beatty ya zama kyaftin a 1900 yana da shekara 29, ya zama riya admiral a 1910, a 1919 kuma ya zama shugaban rundunar gaba ɗaya. Lyne kuwa sai da ya haura shekara talatin ya sami laftanar, muƙamin da ɗalibin hafsa ke samu bai daɗe da wuce ashirin ba. Shekara goma ɗin nan da aka ci masa tun farko bai taɓa fanso su ba, shi ya sa shekarun ritaya suka cim masa yana kyaftin, admiral ɗin kuma ya same shi a gida, bai taɓa ɗaga tutarsa a kan ayarin jirage ba.

Abin mamaki ma, ƙofar ta fi buɗuwa a ƙarni na 18. James Cook, wanda ya kewaya tekun Fasifik, ya shiga a ƙaramin soja a 1755 ya zama laftanar a 1768. Bayan an gama yaƙe-yaƙen Napoleon a 1815 hafsoshi suka yi yawa, jirage suka ragu, sai aka rufe ƙofar a hankali har hafsanci ya koma kamar gadon gidajen masu hali.

Malamar Makaranta, Argungu:

Ina bin wannan muhawara da kyau domin ta shafe ni. Ɗan ƙanwata yana da kiredit ɗinsa biyar har da Turanci da lissafi, ya nemi makarantar hafsoshi ta Kaduna bai samu ba, yanzu yana so ya cike takardar shiga a ƙaramin sojan ruwa. Mahaifinsa yana cewa ya tafi, arziki na Allah ne, ni kuwa ina ganin gara ya sake gwadawa ko ya yi jami'a tukuna. Baba na Zuru, kai da ka ga jiya ka ga yau, me za ka ce?

Tsohon Sojan Ruwa, Zuru:

Hajiya, arziki na Allah ne babu shakka, amma zan faɗa miki yadda hanyoyin suke. Akwai makarantar NDA ta Kaduna da aka kafa a 1964, wadda yaro ke shiga da ƙuruciya ya fito hafsa, kuma daga cikin waɗannan ne galibi ake samun manyan shugabanni. Akwai hanyar masu digiri, waɗanda ake ɗauka kai tsaye a yi musu gajeren horo a ba su hafsanci. Akwai kuma makarantar horon farko ta Onne a jihar Ribas, inda ƙananan sojoji ke fitowa, su bi matakai har su kai waranti, kuma daga cikinsu ake zaɓar wasu a ba su hafsancin da aka tanada don tsofaffin hannu. Wannan hanya ta uku gaskiya ce, na ga waɗanda suka bi ta, amma maganar Malam ta shekaru tana nan daram. Wanda ya tsallaka yana da shekara arba'in ya riga ya san inda zai tsaya.

Shawarata, idan shekarunsa ba su wuce ƙa'ida ba ya sake gwada Kaduna. Idan kuma halin gida bai ba da damar jira ba, ya shiga, aiki ne mai mutunci, mu nan Zuru kusan babu gidan da bai ci abincin kaki ba. Amma ya shiga da littafinsa a hannu, kada ya bari albashin farko da babur da aure su sa ya ajiye karatu, domin kowace shekara da ya yi bai ƙara takarda ba tana rage masa tsawon tsanin da zai hau.

Injiniya, Jega:

Ni zan ɗan saɓa wa kowa. Ana magana kamar bambancin hafsa da ƙaramin soja zalunci ne tsagwaronsa, alhali aiki biyu ne dabam. Maharbi ya san igwa ɗaya ciki da waje, hafsa kuwa ana so ya san inda jirgi yake a teku, da dokar ƙasa da ƙasa a kan jirgin da zai tare, da yadda zai haɗa aikin masu inji da masu rada da masu makamai a lokaci guda. A zamanin Lyne ɗin ma, mutumin da ya gyara harbin igwa a rundunar Ingila hafsa ne, Percy Scott, wanda ya koya wa maharba riƙe saiti a kan abin hari duk da tangaɗin jirgi, kuma shi ya ƙera wa igwogin jirgi ƙafafu aka kai su garin Ladysmith na Afirka ta Kudu a 1899. Yau kuma abin ya wuce nan. Jirgin yaƙinmu mai suna Aradu da aka ƙera mana a Hambug ta Jamus ya fara aiki a 1982 yana ɗauke da igwa mai faɗin baki milimita 127, kuma rada da kwamfuta ne ke yi mata saiti. Wanda ba shi da tushen lissafi da lantarki ba zai shugabanci irin wannan jirgi ba komai daɗewarsa a aiki.

Ɗan Sarkawa, Ngaski:

Injiniya, ban musa ba, amma mu mutanen bakin kogi muna da abin cewa. A nan kogin Neja babu wanda ake ba wa injin babban kwalekwale ranar kasuwar Yauri sai wanda ya fara da kwarfar ruwa yana yaro, ya san inda kututture ke kwance tun da dam ɗin Kainji ya cinye tsofaffin gonaki a 1968, ya san kalar ruwan da ke ɓoye yashi. Karatu yana da wurinsa, amma ba a tambayar takarda lokacin da iska ta taso a tsakiyar ruwa. Hafsa mai takarda nawa ne a 1902 zai tuna da yadi bayan inji ya mutu? Lyne ya tuna ne saboda da igiya da yadi aka rene shi.

Injiniya, Jega:

Ɗan'uwa, hafsoshin wancan zamani su ma an koya musu tuƙin jirgin ruwa mai tafiya da yadi da iska, don haka kada mu wuce gona da iri. Abin da nake cewa kawai shi ne a ba ƙaramin soja ilimin hafsa kafin a ba shi muƙamin hafsa, kada a mayar da muƙami tukuicin daɗewa.

Malamin Tarihi, Yauri:

To ai nan muka haɗu, Injiniya, domin tambayar ita ce yaushe za a ba shi ilimin. Ingila da kanta ta gane kuskurenta. A 1903, zamanin da Admiral John Fisher ke kula da ma'aikata, aka ware guraben laftanar ga manyan masu waranti, sai dai galibinsu dattawa ne da suka kusa ajiye aiki, abin ya zama kamar rigar sallama. A 1912, shekarar da Lyne ya zama kwamanda, Winston Churchill yana ministan rundunar ruwa ya fito da wani sabon tsari na zaɓar matasa daga ƙananan sojoji a horar da su su zama hafsoshi. Shi ma bai tafi sumul ba. Da yawa sun tsallaka a makare, kuma zaman ɗakin cin abincin hafsoshi yana da tsada, ga kaki ga kuɗin tebur, wanda ɗan masu hali ke biya da taimakon gida, ɗan talaka kuwa da albashinsa kaɗai. Sai a 1944 mutum na farko daga wannan tsari, Benjamin Martin, ya kai riya admiral, shekara 32 bayan an kafa shi.

Ku gwada da Amurka. Jeremy Boorda ya bar sakandare bai gama ba, ya shiga a ƙaramin soja a 1956, amma a 1962 ya riga ya zama hafsa ta wani shiri da aka yi musamman don irinsu, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. A 1994 ya zama shugaban rundunar ruwan Amurka baki ɗaya, na farko da ya taso daga ƙasa. Ba na jin ya fi Lyne hazaƙa. An tsallakar da shi ne bayan shekara 6, shi kuwa Lyne bayan 17.

Ɗalibin Shari'a, Birnin Kebbi:

Wannan lissafi na shekaru ya fi ƙarfina, Malam, amma har yanzu ina nan a kan cewa tarihin Lyne ya taimaka wajen buɗe ƙofar, domin masu neman gyara sun sami mutumin da za su nuna su ce ga shi an gwada bai ba da kunya ba. A namu ɓangaren kuma mafarin ba irin na Ingila ba ne. Rundunar ruwanmu a 1956 aka kafa ta, kuma da ma'aikatan tsohuwar hukumar jiragen ruwa ta gwamnati aka fara. Joseph Wey, ɗan Najeriya na farko da ya shugabance ta a 1964, daga ɗakin inji na wannan hukuma ya taso. A rundunar ƙasa ma Aguiyi-Ironsi ya shiga a farabiti a 1942 ya zama hafsa a 1949. Ashe mu da tasowa daga ƙasa muka fara, daga baya ne makaranta ta zama babbar ƙofa.

Malamin Tarihi, Yauri:

Haka ne, kuma dalilin a fili yake: Turawa na shirin tafiya, ana neman 'yan ƙasa da za su cike gurbi da gaggawa. Da guraben suka cika sai abin da ya faru a Ingila bayan 1815 ya so ya maimaita kansa, sai dai mu takardar makaranta ce katangar, ba gidan da aka haifi mutum ba. Takardar kuwa kun san ba daidai take samuwa ga yaron ƙauyen Ngaski da na Legas ba.

Tsohon Sojan Ruwa, Zuru:

Akwai abu ɗaya da babu wanda ya taɓo, kuma shi ya fi cin ran waɗanda suka tsallaka. Ranar da aka ɗora wa mutum igiyar hafsa a kafaɗa, ranar yake kwashe kayansa daga ɗakin da ya shekara goma sha yana kwana. Abokan da suke cin tuwo a kwano ɗaya jiya, yau sai sun ƙame sun sara masa, kuma idan ɗayansu ya makara daga hutu shi zai rubuta shi. Can kuma a ɗakin hafsoshi zai tarar da yaran da ya koya wa kwance bindiga suna gaba da shi a muƙami, suna hirar 'yan ajinsu na Kaduna da shi ba ya ciki. Na san wani da ya yi wata da watanni yana cin abinci a tsaye a bayan kicin saboda bai saba da zaman tebur ba, har wani babban hafsa mai kirki ya lura ya riƙa kiransa ya zauna kusa da shi. Wasu kuma don su nuna sun zama hafsoshi sai su fi kowa tsanani a kan na ƙasa, waɗannan su ne ƙananan sojoji suka fi tsoro, domin babu wata dabarar kauce wa aiki da ba su sani ba.

Game da maganar Injiniya, na yarda kada muƙami ya zama tukuici. Amma zan ƙara da cewa kwamandan jirgi yana gane yaron da ke da kai tun a shekararsa ta uku ko ta huɗu, ba sai ya yi furfura ba. A lokacin ya kamata a rubuta sunansa a tura shi kwas, ya zauna jarrabawa ɗaya da ta ɗaliban hafsa, idan ya faɗi ya koma bakin igwarsa babu wanda ya zalunce shi.

Injiniya, Jega:

Idan jarrabawar ɗaya ce, Baba, ba ni da ja. Inda nake tsoro shi ne rubuta sunan, domin da zarar an ce kwamanda ne zai zaɓa, yaron da ke wanke motar kwamanda zai riga maharbin da ke can ƙasa a ma'ajiyar harsasai shiga takarda. Gara a ce duk wanda ya cika shekara huɗu babu laifi a fayil ɗinsa, kuma yana da kiredit ɗin da ake nema, yana da ikon cike takarda da kansa, rahoton kwamanda ya zama kashi ɗaya cikin makin da za a tara.

Malamar Makaranta, Argungu:

Na gode muku duka. Na karanta wa mahaifin yaron bayanin Baba da lissafin shekarun da Malam ya kawo, mun tsaya a kan zai sake neman Kaduna a wannan zagaye tunda yana da sauran shekara, ya kuma cike ta Onne idan an buɗe. Baba, idan ta Onne ce ta fito, zan nemi ka faɗa masa wane sashe ya fi ba mutum sararin ci gaba da karatu, na makamai ko na inji, domin shi hankalinsa ya fi karkata ga igwa.